Babi na Biyu: Fili Nawa Ne Ya Isa a Fara Lambu?

Tambayar da ta fi fitowa daga bakin mai sha'awar noman lambu, ko ma'aikaci ne da ke shirin ajiye aiki, ko matashin da ya gaji wani yanki na gona a bayan gari, ko matar aure da ke da sarari a bayan gida, ita ce: fili nawa ne ya isa mutum ya fara, har ya ci ya kuma sayar? Galibi mai tambayar yana jiran a ba shi amsa da eka ko hekta, domin a noman damina da ya saba gani, faɗin gona shi ke nuna yawan damman gero da dawa da za a kai rumbu. Lambu kuwa, wato gonar kayan miya da ganyaye da itatuwan marmari da ake rayawa da ban-ruwa, lissafinsa daban ne. A ƙasa mai zafi irin ƙasar Hausa, inda ruwan sama ke sauka cikin wata huɗu zuwa biyar sannan ya ɗauke har tsawon wata bakwai ko takwas, abin da ke yanke girman lambu shi ne yawan ruwan da mai shi zai iya kai wa shuka kowace rana a watan da ya fi kowane zafi, kuma maganar fili da iri da taki duk a bayan wannan suke zuwa.

Lissafin ruwa

Masana aikin gona suna auna ƙishirwar shuka da milimita, kuma ma'aunin ba shi da wuyar fahimta: milimita ɗaya na ruwa a kan murabba'in mita ɗaya, wato fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya, daidai yake da lita ɗaya. A lokacin rani, kayan lambu da suka yi ganye sosai suna shan abin da ya kai lita biyar zuwa bakwai a kowane murabba'in mita a rana guda, idan aka haɗa abin da shukar ke zuƙa da abin da rana da iska ke ƙafarwa daga ƙasa, kuma a tsakiyar bazara buƙatar takan zarce haka.

Idan aka ɗauki fuloti irin wanda ake yankawa a unguwanni, mai ƙafa 50 a faɗi da ƙafa 100 a tsawo, girmansa ya kai kimanin murabba'in mita 460. A kan lita shida, wannan fuloti yana neman kusan lita 2,800 kullum, wato duro 14 mai cin lita 200, ko kuma jarka fiye da 110 mai cin lita 25, kwatankwacin kura goma ta 'yan ga-ruwa. Hekta guda, wadda take murabba'in mita 10,000, tana neman lita 60,000 a rana, wato duro 300. Wannan lissafi bai ma haɗa da ruwan da ke nutsewa a cikin magudanar ƙasa kafin ya isa gindin shuka ba, wanda a jigawa yakan zama kaso mai yawa. Duk wanda ya zauna ya yi wannan lissafin da biro da takarda kafin ya sayi iri, zai gane dalilin da ya sa lambuna da dama ke yin kore shar a watan Disamba, sannan a tarar da su sun ƙone a watan Afrilu alhali masu su ba su yi lalaci ba.

Saboda haka ne ya kamata a gwada rijiya a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da ruwan ƙasa ya ja baya iyakar ja, domin abin da rijiya ke bayarwa da kaka ba shaida ba ne. Gwajin mai sauƙi ne: a kwashe ruwan rijiyar da yamma har a ga ƙasanta, a sa alama, da asuba a zura igiya a auna tsayin ruwan da ya dawo. Rijiya mai faɗin mita ɗaya tana riƙe kusan lita 800 a kowane mita na zurfin ruwa, saboda haka idan ruwan ya dawo da tsayin mita biyu cikin dare, an sami lita 1,600, abin da zai shayar da murabba'in mita 260 ko kusa da haka. Wannan adadi shi ne ainihin girman lambun mai wannan rijiya, ko da filin da ya mallaka ya kai eka biyar.

Hanyoyin ɗaga ruwa sun sauya cikin shekarun da suka wuce. A da, jigo ne ake kafawa a bakin rafi ko tafki, ana ɗibar ruwa da guga ana zubawa a magudana. Daga baya manyan madatsun ruwa irin Tiga, wadda aka kammala a 1974, suka mayar da Kadawa da Kura da Bunkure cibiyar noman rani, kuma shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa tun farkon shekarun 1990 ya yaɗa rijiyar bututu marar zurfi da ƙaramin injin ban-ruwa mai shan fetur a fadamun Arewa, wato ƙasashen kwari da ruwa ke kwanciya a kansu da damina kuma yake kusa da sama da rani. Tun da aka janye tallafin mai a Nijeriya a 2023, kuɗin fetur ya zama babban nauyi a kan masu injin, abin da ya sa wasu suka koma famfo mai aiki da hasken rana, wanda yake da tsada a saye amma ba ya cin kuɗi kullum. Ko wace hanya aka zaɓa, ingancin ruwan ma abin dubawa ne. Ruwa mai gishiri ko kanwa yana barin farin ɓawo a bakin fangali, wato ɗan filin da aka kewaye da ƙaramar kunya domin ya riƙe ruwa, yana kuma kashe ƙasa sannu a hankali, ruwan kwata da na masana'antu kuwa bai dace da latas da kabeji da duk abin da ake ci ɗanye ba, kuma wanda ya shayar da su da shi ya ɗauki alhakin lafiyar mutanen da bai ma san su ba.

Ƙasa, shinge da mallaka

Bayan ruwa sai ƙasa, kuma ba a buƙatar ɗakin gwaji kafin a san halinta na farko. A jiƙa ɗan ƙasa a dunƙule a tafin hannu: idan ta wargaje nan take, rairayi ya yi mata yawa, kuma za ta riƙa sakin ruwa da taki da sauri, idan ta miƙe kamar igiya tana sheƙi, laka ce, mai riƙe ruwa har saiwa ta ruɓe, mai tsagewa idan ta bushe, wadda ta dunƙule amma ta farfashe da an danna ta da yatsa, ita ce ƙasar da lambu ya fi so. Sannan a haƙa rami mai zurfin rabin mita a cika shi da ruwa. Idan aka dawo washegari aka tarar ruwan na kwance, wurin ba zai karɓi gwanda ko lemo ba, domin duka biyun ba sa jure ruwa a gindinsu.

Ƙasar da ba ta cika kyau ba tana gyaruwa da takin gargajiya, sai dai zafi yana cinye taki da sauri, don haka a wannan yanki zuba taki aiki ne na kowace shekara. Kashin shanu da na awaki da na kaji sai an tara su an jiƙa, an bar su sun ruɓe wata biyu zuwa uku, domin ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kawo 'ya'yan ciyawa, yana kuma jawo gara. Takin zamani, irin NPK da yuriya, yana ciyar da shuka amma ba ya sa jigawa ta riƙe ruwa, saboda haka ƙari ne a kan na gargajiya.

Shinge kuwa kafin shuka ake yin sa. Da zarar an kawar da amfanin gona da kaka ana sakin dabbobi, kuma a daidai lokacin ne lambu ke zama kaɗai wuri mai kore a duk faɗin karkara, har akuya guda takan share renon wata ɗaya cikin hantsi ɗaya. Darnin kara ko zana yana isa a shekarar farko, amma yana da kyau a dasa shinge mai rai a jikinsa, kamar lalle ko bini-da-zugu ko aguwa, tare da jerin zogale daga ciki. Akwai kuma batun da sababbin shiga kan manta: filin aro ko na haya ya dace da kayan miya masu wata uku, amma dasa itace a kansa yakan haifar da rigima, domin a al'ada itace alama ce ta mallaka. Wanda ke da niyyar mangwaro da lemo ya tabbatar filin nasa ne, ko kuma a rubuta yarjejeniya a gaban mai unguwa da shaidu.

Abin da kowane lokaci ke karɓa

Zafin ƙasar nan ba iri ɗaya ba ne duk shekara, kuma a kan wannan bambanci ne aka gina dukkan noman lambu. Hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin da dare ke yin sanyi, iska ta bushe, cututtukan ganye su ragu, kuma a cikinsa ne tumatir da albasa da kabeji da karas da latas suke yin yadda ake so. Don haka ake yafa irin tumatir a wurin reno cikin Satumba ko Oktoba, a dasa bayan mako uku zuwa huɗu, a fara tsinka bayan wata biyu ko fiye da dashe. Albasa takan yi mako shida zuwa takwas a reno, sannan wata uku zuwa huɗu a fangali, kuma da wannan tsari ne Galmi a jihar Tawa da Aliero a jihar Kebbi suka yi suna.

Da bazara ta shigo, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan haura digiri 40 da rana, dare ma ba ya hucewa. Tumatir a wannan yanayi yana iya yin ganye har da fure, amma zafi yana lalata garin furen da ke sa shi ɗaukar 'ya'ya, sai furen ya bushe ya zube. Mai lambun da bai san dalili ba yakan ɗauka taki ne ya gaza, ya ƙara yuriya, ya sami ganye ba 'ya'ya. Abin da ke jure wannan lokaci shi ne kuɓewa da alayyahu da rama da yakuwa da kankana, muddin ruwa ya wadata, kuma lulluɓe gindin shuka da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa yana rage ƙafewar ruwa yana kuma sanyaya saiwa. Damina tana sauƙaƙa wahalar ban-ruwa amma tana zuwa da ciyawa da cututtukan da laima ke haifarwa, saboda haka a lokacinta ana barin fangali a koma kan kunya mai tudu, domin ruwa ya wuce.

Wannan tsari na yanayi yana da sakamako a kasuwa, kuma a nan ne ƙaramin mai lambu ya fi buƙatar natsuwa. Lokacin da tumatir ya fi sauƙin nomawa shi ne lokacin da kowa ke da shi, har kwanduna su cika kasuwar Kwanar Gafan daga Janairu zuwa Maris, farashi ya faɗi, wasu manoma su yanka nasu su shanya ya zama kauɗa don kada su yi asara gaba ɗaya. Daga Mayu zuwa Yuli kuwa, lokacin da nomansa ya yi wuya, farashin yakan ninka sau da yawa. Mai fuloti ɗaya ba zai iya gogayya da manoman Kadawa a tumatirin Fabrairu ba, kuma kuskure ne ya zuba dukkan jarinsa a nan. Shekarar 2016 ta ƙara nuna haɗarin dogaro da shuka guda, lokacin da tsutsar da manoma ke kira sharon, wadda ke shiga tsakanin fatar ganye ta cinye shi daga ciki, ta lalata gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin.

Mai saye kafin iri

Ƙarfin ƙaramin lambu yana cikin kusancinsa da masu ci. Alayyahu da latas da ganyen albasa da zogale suna yaushi cikin yini guda, don haka babbar mota ba ta iya kawo su daga nesa, kuma wanda ya tsinke su da asuba ya kai unguwa kafin hantsi ba shi da abokin takara sai maƙwabcinsa. Masu abincin sayarwa, da masu shayi, da masu tsire da gurasa da ke yanka albasa da kabeji da kokwamba kowace yamma, suna buƙatar kaɗan ne amma kullum, kuma sun fi son wanda ba ya saɓa alkawari a kan wanda ya fi araha. Kafin a sayi iri, ya dace mai niyyar lambu ya zagaya irin waɗannan mutane ya ji abin da suke saye da yawansa, ya kuma leƙa babbar kasuwar kayan gwari da ke kusa da shi, kamar 'Yankaba a Kano, ya ga yadda dillalai ke yanke farashi da abin da suke cira na la'ada.

Mai saye na kullum yana buƙatar amfani na kullum, kuma hanyar samun haka ita ce shuka bi da bi. Maimakon a yafa alayyahu a fangali goma rana ɗaya, su nuna tare, a rasa yadda za a yi da su, sai a yafa biyu a kowane mako. Tun da alayyahu yana isa yanka cikin mako huɗu ko kusa da haka, daga wata na biyu lambun zai riƙa kawo ɗan kuɗi kowane mako, wanda da shi za a sayi mai a biya ɗan ƙodago. Watan azumi ma yana da nasa lissafin, domin a cikinsa ake rububin kankana da kokwamba da kayan haɗin salak. Kankana tana ɗaukar kwana 75 zuwa 90 daga shuka zuwa nuna, saboda haka wanda ke son ta riski farkon Ramadan zai shuka ta cikin Jimada Sani, ya kuma ƙara 'yan kwanaki idan shukar ta faɗo cikin sanyin hunturu, wanda ke jinkirta tsirowarta. Da yake watan yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, lissafin bara ba ya yi wa bana.

Itatuwa da kayan miya a fili ɗaya

Itatuwan marmari jari ne mai jinkiri. Gwanda ce ta fi sauri, tana fara bayarwa cikin wata tara zuwa shekara guda. Gwaba takan kai shekara biyu zuwa uku. Mangwaro mai aure, wato wanda aka ɗaura reshen iri mai kyau a kan gindin wani, yana fara 'ya'ya a shekara ta uku ko ta huɗu, alhali wanda aka shuka daga ƙwallo yakan kai shekara biyar zuwa takwas, kuma babu tabbacin zai yi kama da uwarsa. Mangwaro yana son tazarar mita goma tsakanin itace da itace, wato guda 100 a hekta, kuma wannan yana nufin cewa fuloti guda ba zai ɗauki fiye da huɗu ko biyar ba, su ma idan sun girma inuwarsu za ta rufe filin. Ga mai ƙaramin fili, gwanda mai tazarar mita biyu zuwa biyu da rabi, da gwaba, da lemun tsami, sun fi dacewa. Gwanda tana da namiji da mace, kuma ba a gane su sai sun yi fure, shi ya sa ake dasa biyu ko uku a rami ɗaya, a cire marasa amfani daga baya, a bar namiji ƙalilan domin barbara.

Haɗa itatuwa da kayan miya yana warware matsalar jira, domin a shekarun farko tsakanin ƙananan itatuwa fili ne a buɗe, kuma ruwa da takin da aka ba fangali suna isa ga saiwarsu. Sai dai wurin dasa su yana buƙatar tunani. Da hunturu rana tana karkata kudu, inuwa tana faɗuwa arewa, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take busowa. Don haka itatuwan da aka jera a gefen arewa suna tare iska ba tare da sun hana fangali rana ba, waɗanda aka dasa a kudu kuwa za su lulluɓe kayan miya a daidai lokacin da suka fi buƙatar haske. An fi dasa itace a farkon damina, cikin rami mai faɗi da zurfin santimita 60 da aka cika da ƙasar sama gauraye da ruɓaɓɓen taki, domin saiwa ta kama kafin rani, kuma wajibi ne a saka ruwan da za a ba shi a shekara biyun farko cikin lissafin rijiya.

Su ma fangalan kayan miya ba a barin su da shuka ɗaya shekara da shekaru. Tumatir da tattasai da attaruhu da gauta dangi ɗaya ne, cututtukansu ɗaya, kuma maimaita su a wuri guda yana tara wasu tsutsotsi ƙanana da ido ba ya gani, waɗanda ke sa saiwa ta yi ƙulle-ƙulle, shuka ta tsumbure ko da ana ba ta ruwa da taki. Juya su da albasa ko masara yana rage wannan cuta, kuma wanda ya tumɓuke shukar da ta ƙi girma ya duba saiwarta zai san halin da ƙasarsa ke ciki.

Amsar tambayar

Ga wanda bai taɓa riƙe lambu ba, fuloti ɗaya zuwa biyu, wato kimanin murabba'in mita 500 zuwa 1,000, shi ne abin da mutum ɗaya da ɗan taimako zai iya shayarwa, ya nome, ya duba ganye ɗaya bayan ɗaya, ya kuma sayar da abin da ya fito, matuƙar gwajin rijiya ya nuna tana ba da lita 3,000 zuwa 6,000 a rana cikin bazara. Idan ruwan bai kai haka ba, a rage filin har ya yi daidai da shi, domin fangali ashirin da suka ƙoshi sun fi hamsin masu ƙishi kawo amfani, kuma sauran filin ba zai gudu ba. Yana da kyau a ware wani kaso na jari a ajiye don lalacewar inji ko sake shuka, a kuma riƙe littafi da ake rubuta ranar yafi da ta dashe da kuɗin mai da abin da aka sayar, domin da shi ne za a yanke shawarar faɗaɗawa a shekara ta biyu. Malaman gona na hukumomin raya aikin gona na jihohi, da cibiyoyi irin su Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya da INRAN a Nijar, suna da masaniya kan irin da ya dace da kowane yanki, kuma tsofaffin masu lambu na kusa sun san halin ruwan wurin fiye da kowa.

Da an san yawan ruwa, an kewaye fili, an kuma san wanda zai saya, aiki na gaba shi ne iri. Babi na gaba zai duba bambancin irin da manomi ke ajiyewa da kansa da irin kamfani da ake sayarwa a gwangwani ko fakiti, da yadda ake gwada tsirowarsa kafin a yafa, da yadda ake shirya wurin reno har zuwa ranar dashe.